Fo, Famfas da Fitsarin Kwance: Ina Gaskiya, Ina Camfi?

Ranar sunan 'yar ƙanwata a unguwar Hausari ta Nguru, ana tsakiyar rabon waina, wani yaro da bai wuce shekara ɗaya da rabi ba ya tsuguna a gindin darbejiyar tsakar gida ya sauke kayansa. Uwarsa ta yunƙura za ta tashi, wata dattijuwa ta riƙe mata gefen zane. "Zauna ki ci abincinki, 'yar nan. Kashin yaro ai ba kashi ba ne, a watsa masa ƙasa." Aka watsa. Can hira ta gangaro kan wani yaron mai shekara shida da har yanzu yake jiƙa katifa, sai ga tsohuwar nan ita ce kan gaba wajen yanke hukunci: "Iskanci ne kawai. A ba shi dorina kwana uku ku sha mamaki."

Ban tanka ba, don ba a gyara wa Goggo zance a bainar jama'a. Amma a zama ɗaya ta yi sassauci a inda cuta take, ta kuma tsananta a inda yaro ba shi da laifi, kuma haka yawancinmu muke yi daga Nguru har Gashuwa.

Maganar cewa kashin yaro ba shi da illa ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi kisa. Ƙananan yara su ne suka fi kowa yawan zawo da tsutsar ciki, saboda haka kashinsu ya kan fi na manya ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ɗauki ƙwayar rota, wadda ke kan gaba wajen haddasa zawo mai tsanani ga jarirai: ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba na kashin yaron da ya kamu yana ɗauke da biliyoyinta, alhali ƙasa da 100 sun isa su kwantar da wani yaron. Shi ya sa Najeriya ta shigar da rigakafinta cikin na yau da kullum a watan Agusta na 2022. Shan inna ma ta wannan hanya take bi, daga kashi zuwa baki. Kuma babba idan zai kewaya nesa yake tafiya. Na yaro kuwa a nan tsakar gida yake, inda ƙaninsa ke rarrafe, kaji ke tono, ƙuda ke tashi ya sauka a bakin kwanon kunu. Ƙasar da aka watsa ta rufe wa ido ne kawai.

Wasu kan kafa hujja da addini, su ce ai an yi sauƙi a kan najasar jarirai. Abin da ya zo a hadisin Ummu Ƙais ya shafi fitsarin jariri namiji da bai fara cin abinci ba, bai taɓo kashi ba, kuma malaman Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan wankewa suka ce a yi, na namiji da na mace. Hadisin da Muslim ya ruwaito kuwa ya yi kashedi da biyan buƙata a hanyar mutane ko inuwar da suke hutawa. Gindin darbejiya ranar suna ai inuwa ce.

A nan yankin abin ya fi muni saboda ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Gashuwa ya san cewa idan kogin Yobe ya tumbatsa ba ya tantance juji da rijiya. Ƙullin famfas da aka cilla bola da rani, damina za ta kwance shi ta raba wa unguwa. Binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na 2021 ya ƙiyasta mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya. Maƙwabciyarmu Jigawa, da muke shan ruwan Haɗeja ɗaya da ita, ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a a watan Oktoba na 2022. Amma gida zai iya mallakar masai mai murfi, kashin yaransa kuma ya ci gaba da tafiya kwata.

Sai masu cewa kada a kai yaro masai. Wasu aljanu suke tsoro, wasu rami. Na aljanu addu'ar shiga bayi ta wadatar, uwa ta karanta wa ɗanta har ya iya. Na rami kuwa gaskiya ne: ƙasarmu rairayi ce, masai kan rufta da damina, kuma bakin da aka yi wa babba ya yi wa ɗan shekara biyu faɗi. Maganinsa fo na roba. Yaro ya yi a fo, a juye a masai, a wanke fo, a yi masa tsarki, sannan uwa ta wanke hannu da sabulu ko toka. Wannan na ƙarshen shi ake tsallakewa, buta kawai ake karkatawa a koma bakin murhu.

Yaushe za a fara koya masa? Nan ne kakanni da 'yan boko ke ɗaga wa juna murya, kuma kowa yana da rabin gaskiya. Iyayenmu sukan miƙe ƙafa su ɗora jariri a kan ƙaurinsu, suna yi masa "sss" har ya saki. Masu cewa wannan yana lalata mafitsara ba su da hujja. A 1977 wasu masu bincike, Marten da Rachel deVries, sun bayyana yadda jariran ƙabilar Digo ta Kenya ke daina ɓata jiki tun suna wata biyar zuwa shida ta irin wannan dabara. Sai dai a lura, uwa ce ke karanta alamar jariri ta tare shi. Yaro ya ji matsuwa da kansa, ya riƙe, ya faɗa, ya tuɓe wando, wannan ba ya samuwa ga yawancin yara sai tsakanin wata 18 zuwa shekara uku. Shawarar a jira sai yaro ya shirya ta fito ne daga likitan yara na Amurka, Berry Brazelton, a 1962 (shi ne kuma daga baya ya fito a tallar Pampers, abin da ya jawo masa surutu). A fara da wuri ko a jira, duka suna kaiwa. Duka da tsawa ne ba sa kaiwa: yaron da ke tsoron fo riƙe kashi yake yi, cikinsa ya ɗaure, fitar ta yi zafi, ya ƙara riƙewa.

Famfas ba ya sa gwame. Ƙafar yaro kan ɗan lanƙwashe har kusan shekara biyu ta miƙe da kanta, wadda ta ƙi kuwa a duba ƙarancin sinadarin ƙashi a abinci. Ba a kuma taɓa tabbatar da cewa yana hana namiji haihuwa ba. Asalin zancen wani bincike ne na birnin Kiel a Jamus a 2000, wanda ya auna ɗan ƙarin ɗumi a gaban jarirai, iyakarsa ke nan. Abin da famfas ke yi da gaske a zafin Afrilu na Nguru shi ne ƙuraje da saɓar fata idan an bar shi ya wuni don tsadarsa. Ƙunzugun da ake canjawa ya fi shi.

Batun cewa daɗewa a kan fo na jawo fitar baya yana da ƙamshin gaskiya. Yawan yunƙuri, zawo mai daɗewa, tamowa da tsutsa su ne tushe, amma ajiye yaro rabin awa yana nishi ba ya taimaka. Minti biyar bayan cin abinci ya isa.

Mu koma ga yaron nan mai shekara shida. Cikin yara masu shekara biyar, kusan 15 cikin 100 suna fitsarin kwance, kuma duk shekara kusan 15 cikin 100 na waɗannan kan daina ba magani. Jikin wasu bai fara rage haɗa fitsari da dare ba, wasu mafitsararsu ba ta ɗaukar da yawa, wasu barcinsu ya fi ƙarfin saƙon da mara ke aikawa. Gado ne ma: idan ɗaya cikin iyaye ya yi, kusan rabin 'ya'ya kan yi, idan duka biyun ne, kusan uku cikin huɗu. Kafin uba ya ɗaga dorina, ya fara tambayar Hajiyarsa labarin tabarmarsa. Ɗaura kwaɗo a ƙugu, ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, sa yaran unguwa su bi shi suna kiransa amalala, duk hukunci ne kan abin da ya faru yana barci. A rage masa shayi da lemo da yamma, ya yi fitsari kafin kwanciya, a warware masa ɗaurewar ciki.

A Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya shiga gidaje da yawa, uwa tana da dalilin firgita. Fitsarin kwance shi kaɗai ba kasafai yake nufin ƙoda ba. Abin da zai sa a garzaya asibiti shi ne yaron da ya daina wata shida ya dawo, ko kumburin fuska da ƙafa, ko zafin fitsari, ko ƙishirwa mai yawa da rama. Masu sikila ma sukan yi shi fiye da sauran yara.

Akwai kuma jini. Yaro ya dawo daga wanka a fadama, ƙarshen fitsarinsa ya yi ja, a ce alamar balaga ce. Tsargiya ce. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwar da ke maƙale a kachalla, ya fito ya huda fatar yaro na gaba. Ƙwayar maganinta, farazikwantel, ana raba ta a makarantu. Yaron nan mai shekara shida da aka yi hirarsa a Hausari kuwa, da aka bi diddigi, kashi yake riƙewa kwana uku-uku don tsoron duhun masai. Mahaifinsa ya rataya masa tocila a ƙofa.