Tirelar Jirgin Ruwa Ta Karkata: Laifin Roba Ne ko na Kaya?

A jihohin Amurka masu yawan ruwa, irin su Fulorida da Minesota, ƙaramin jirgin ruwa ba a bakin gaɓa yake kwana ba. A gida yake kwana, kan 'yar tirela mai taya biyu ko huɗu, ranar Asabar a ɗaura ta a bayan mota a nufi tafki. Kada hankali ya tafi kan tirelolin da ke dakon siminti. Tirelar jirgi firam ne kawai na ƙarfe ko alminiyam, da dogayen katakai masu shimfiɗar kafet inda cikin jirgin ke kwanciya.

Wata rana mai jirgi zai tsaya a bayanta ya ga ta kwanta gefe guda, kamar jakin da aka cika wa mangala ɓari ɗaya. Ya zura hannu tsakanin taya da murfinta: a hagu yatsu huɗu sun shige, a dama biyu ma da ƙyar. Daga nan sai zargi ya faɗa kan aksil, kuma sau da yawa zargin yakan riga awo.

Aksil ɗin da ake magana a kai ba shi da sifirin irin na bayan akori-kura, ganyen ƙarfe kan ganyen ƙarfe. Bututu ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa an zura sandar ƙarfe ita ma mai kusurwa huɗu, amma an juya ta digiri 45, sai aka sami gurbi huɗu a kusurwoyin. A kowane gurbi akwai igiyar roba mai kauri. Sandar ta fito waje ta haɗu da wani gajeren hannu, taya kuma tana ƙarshen hannun. Idan taya ta taka tudu, hannu ya ɗaga, sanda ta murɗa, ta matse robobin, su kuma su mayar da ita mazauninta. Dabarar ta wani ɗan Suwizalan ce, Hermann Neidhart, tun shekarun 1940. Kamfanin Dexter na Elkhart a jihar Indiyana yana sayar da irinsa da sunan Torflex, AL-KO na Jamus kuwa bututunsa kusurwa shida gare shi, robobinsa uku. Tsofaffin makanikai da suka yi aikin Volkswagen Beetle za su ce sun san sanda mai murɗawa, amma ta Beetle ƙarfen ne da kansa yake murɗuwa. A nan roba ce ke shan wahalar.

Masu jirage suna son sa ne don dalili mai sauƙi. Tirelar jirgi ana tsoma ta cikin ruwa duk lokacin da za a sauke ko a ɗauko jirgi, ruwan gishiri kuwa yana shiga tsakanin ganyayen sifirin ya zauna, tsatsa ta ci su. Aksil mai roba ba shi da waɗannan lungunan, ba ya ƙara, kuma kowace taya gashin kanta take ci: ta dama ta faɗa rami, ta hagu ko a jikinta. Wannan 'yancin shi ne amfaninsa, shi ne kuma tushen karkatar, domin gefe ɗaya na iya gajiya ɗayan yana nan garau.

Amma kafin a kai ga nan, akwai masu laifi da suka fi arha kamawa. A kai tirelar kan daɓen siminti mai lebur, ba bakin titi mai gangara ba. A auna iskar tayu, a karanta lambar da ke jikin kowace, don an sha samun wanda ya sa taya mai wani girma daban ranar da ya yi faci a hanya ya kuma manta. Sannan a dubi jirgin kansa. Ya zauna tsakiyar katakai kuwa, ko iska da igiyar ruwa sun tura shi gefe ranar da aka ɗauko shi? Ina batura suke? Biyu a gefe guda sun haura kilo 40. Litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, tanki mai lita 100 ke nan ya kai kilo 75. Ga ƙaramin injin ko-ta-kwana da masunta ke rataye a kusurwa ɗaya ta baya. Mafi ɓoyewa duka shi ne soson da ake cika ƙarƙashin daɓen jirgi da shi don kada ya nutse: idan ya sha ruwa, ba ya amayarwa, kowace lita kuma kilo guda ce.

Hanyar raba gardama ita ce a sauke jirgin a ruwa, a auna tirelar babu kaya, daga ƙasa zuwa firam, a wuri ɗaya hagu da dama. Idan ta miƙe, aksil ba shi da laifi. Idan tana nan a karkace, sai a duƙa a kalli hannuwan nan biyu.

Kowane aksil yana fitowa daga masana'anta da kusurwar da hannunsa yake tsayuwa a kai in babu kaya: wani digiri 22.5 ƙasa, wani 10, wani 45, wani a miƙe, wani ma sama yake kallo. Hannun kuwa gajere ne, kamar inci 6, wato santimita 15. Ɗan lissafi kaɗan: idan hannu mai wannan tsawo ya ɗaga da digiri 10 kacal daga inda ya kamata, tirelar ta zauna da kusan santimita biyu da rabi a wannan gefen. Ido ba ya ganin digiri 10 a ƙarƙashin jirgi, amma yana ganin yatsu biyun da suka ɓace. Sai a sa jek a ɗaga, a ƙarƙashin firam, ba a jikin bututun ba, don bututun yana lotsewa. Tayar da robarta ke da rai za ta biyo ƙasa yayin da firam ke tashi. Wadda robarta ta mutu kuwa tashi za ta yi tare da firam kamar an yi mata walda, domin roba ta daɗe a matse ta ɗauki siffar matsin, ta ƙi komawa. Tirelar da ta shekara da shekaru a fake da kaya a kai, ko wadda aka riƙa ɗora wa fiye da ƙarfinta, ita ta fi kamuwa. Idan kuma tayar tana cinyewa ta ciki kawai, ko kanta ya sunkuya, to wataƙila hannun ne ya lanƙwashe a wani rami ko gefen kwalbati.

A nan ne labarin ba ya yi wa kowa daɗi. Robobin nan matse su ake yi, a daskarar da su da sanyi mai tsanani, a zura su, in sun saki sai su cika gurbin tam. Ba abin da za a zaro a bakin gareji a sa sabo ba ne. Aksil ɗin da ya mutu sauya shi ake yi ɗungurungum. Akwai wanda zai ce a cusa guntun ƙarfe tsakanin firam da aksil a gefen da ya kwanta. Tirelar za ta miƙe a ido, gaskiya ne, amma gefen nan ba shi da sauran sifirin, duk bugun hanya kai tsaye zai riƙa kaiwa ga boris da firam da cikin jirgin. A ganina wannan shafa hoda ne a kan gyambo. Wanda ya ɗauko wutar walda zai gyara mazaunin aksil kuwa ya fi shi ɓarna, zafin zai dafa robar da ta rage. Banda guda shi ne irin Flexiride, wanda hannunsa ke zaune kan sanda mai haƙora: ana kwance shi a matsar da shi a sake ɗaurewa. Ko shi ɗin, gyaran yana da amfani ne idan tun farko an ɗaura hannuwan biyu ba a haƙori ɗaya ba.

Tirela mai aksil biyu tana da nata tarkon. Sifirin ganye yana da ɗan ƙarfe a tsakiya mai lilo da ke raba nauyi tsakanin aksil na gaba da na baya. Masu roba ba su da shi. Idan ƙwallon da ake ɗaura tirela a kai a bayan mota ya yi ƙasa, tirelar ta duƙa, aksil na gaba ya ɗauki fiye da rabonsa. Idan ya yi sama, na baya ya sha. Haka za a yi ta tafiya har ɗaya ya mutu ɗayan kamar sabo, mai jirgi yana tsine wa masana'anta alhali ƙarfen jan ne ke bukatar ɗagawa ko saukewa da inci biyu. Bayan tafiyar minti ashirin, a tsaya a dafa tayun: waɗanda suka fi zafi su ne ke dakon 'yan'uwansu.

Wanda ya kai ga sayen sabo, ya nemi lambar da ke jikin tsohon bututun kafin tsatsa ta gama da ita. A nan ake samun nauyin da aka yi shi domin ɗauka, da ita kuma masana'anta ke gano tazarar mazaunansa da kusurwar hannunsa ta asali. Kusurwar da ya gani a jikin mataccen aksil ba ita ce zai yi oda da ita ba. Ya zaɓi mai rufin galbanaiz idan teku yake zuwa, ya kuma guji wanda ya fi ƙarfin jirgin nesa ba kusa ba, don roba mai tauri ƙarƙashin kaya mara nauyi tsalle kawai take sa tirela. In aksil biyu ne gare shi kuma tsaransu ɗaya, ya sauya su tare, in ba haka ba sabon zai fi tsohon tsayi ya kwashe nauyin duka tun daga ranar farko.