Sayen Kayan Shiga Gona: Abin Da Manoman Gaya Da Ajingi Ke Tararwa A Kanti

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas wajen ƙarshen watan Mayu, sai manoman ƙasar Gaya da Ajingi su shiga tanadin iri da taki da gyaran garma. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani tanadi guda wanda galibi ba a tunawa da shi sai ruwa ya sauka, watau abin da manomi zai sa a jikinsa: takalmi, da rigar ruwa, da malafa, da kayan feshi. Ga shi kuwa jikin nan shi ne babban kayan aikinsa. Garma in ta karye, maƙeri ya gyara ta cikin yini guda, balle a Gaya, wadda tarihi ya ce daga cikinta maƙeran farko na Dala suka fito. Amma ƙafa in ta sami rauni a tsakiyar damina, ciyawa ta cinye gona ke nan.

INDA AKE SAYE

Mai bukatar waɗannan kaya yana da hanya uku. Ko dai ya saya a kantunan garinsu da kasuwannin ƙauye, ko ya jira ran Juma'a ya tafi kasuwar Wudil, ko kuwa ya zarce Kano. A birni kowane kaya da wurinsa. Ƙofar Wambai ta yi suna wajen gwanjo da kayan roba, Kantin Kwari wajen yadi, Sabon Gari wajen kayan kanti iri iri, Kurmi kuwa, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen kayan fata da na saƙa. Yawancin 'yan tireda na ƙauye daga waɗannan kasuwanni suke yin sari, su ɗora kuɗin mota da ribarsu.

Saboda haka wanda ya je Kano yakan sami zaɓi da rangwame. Amma in ya lissafa kuɗin mota da yinin aikin da ya ɓata, sau da yawa rangwamen ya tafi. In kuma ya komo gida ya ga kayan ba su yi masa ba, mayarwa sai ta fi sayen tsada. Mai kantin gari kayansa kaɗan ne, amma an san shi, an san gidansu, gobe ma yana nan.

TAKALMI

Babu abin da masu saye suka fi kuka da shi kamar takalmin ruwa mai dogon wuya. Kukan kuwa iri biyu ne: ko ya matse ƙafa, ko ya tsage tun ba a gama noman fari ba.

Na farkon, lamba ce ke kawo shi. Takalman da ke kasuwa ba lissafi ɗaya suke bi ba. Wasu na ɗauke da lambar Ingila, wasu ta sauran ƙasashen Turai, ta yadda lamba 8 a wancan lissafi ita ce wajen 42 a wannan. Manomi ya aiki yaro da lamba a baki, yaro ya kawo abin da aka ba shi, sai rigima. Maganin abin shi ne mai ƙafa ya je da kansa, ya sa duka biyu, ya taka, ya tsuguna kamar mai cirar ciyawa. A bar wurin da yatsa guda zai shiga bayan dunduniya, domin ƙafa takan kumbura da zafin rana. A kuma juya ƙasan kowanne a duba lamba, gama a cikin cunkoson ranar kasuwa akan haɗa wa mutum ƙafa biyu masu lamba dabam.

Na biyun kuwa, roba ce. A lanƙwasa takalmin a daidai idon sawu. In wurin ya yi fari ko ya nuna 'yan tsage-tsage, to, ya daɗe a ajiye, ko kuwa rana ta dafa shi a bakin rumfa. A bar shi ko da an karya kuɗinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kada a ɗauki zancen takalmi da wasa. Saran maciji galibi a ƙafa yake samun manomi, ƙasa da gwiwa, musamman lokacin noma da lokacin girbi, sa'ad da kububuwa ke fakewa a ƙarƙashin tarin gyaɗa da karan dawa. Ɓarnar da yake yi ta kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017. Takalmin taya, wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar mota, yana da ƙarko, yana kuma tare ƙaya, amma bai rufe bayan ƙafa ba. Mai shiga fadamar shinkafa ko duhuwar ciyawa, dogon takalmi ya kamace shi. Kowace safiya kuma a zazzage shi kafin a sa, saboda kunama.

RIGAR RUWA DA MALAFA

A wannan yanki ruwa ya fi ƙarfi cikin watan Agusta, mutanen Ajingi kuwa ba su manta da ambaliyar da ta rushe musu gidaje a daminar 2022 ba. A lokacin ne kowa ke neman rigar ruwa, a lokacin ne kuma kuɗinta ke tashi, mai kyau ta ƙare, a bar ta leda mai shara-shara wadda kara guda zai keta. Mai saye ya buɗe rigar daga ƙunshinta, ya ɗaga ta ga hasken rana, ya bi ɗinkin kafaɗa da na hammata da ido, domin ta nan ruwa ke shiga. Mai kantin da ya hana a buɗe, ya faɗi halin kayansa ke nan.

Malafa kuwa har yanzu babu hular kanti da ta kama ƙafarta a gona. Da kaba ake saƙa ta, tana sha iska, tana rufe wuya da kafaɗu. A zaɓi mai matsattsiyar saƙa, wadda aka daje bakinta da fata, a kuma ja igiyarta a ji ƙarfinta.

KAYAN FESHI

Nan ne babbar asara take, ba ta kuɗi kaɗai ba. Manomi ya shiga kanti ya sayi famfon feshi mai cin lita 16 ko 20, ya sayi maganin ciyawa, ya fita. Shi bai tambayi safar hannu ba, mai kanti kuma bai ambata ba. Gobe sai a gan shi yana feshi da singileti, ƙafa ba takalmi, magani na zuba a gadon bayansa. Guba kuwa ta fata ma tana shiga jiki, ba sai an sha ba.

Wanda zai yi feshi yana bukatar safar hannu ta roba mai kauri, da dogon takalmi, da riga mai dogon hannu, da wando, da takunkumi, da tabarau. Safar yadi ba ta da amfani a nan, tsotse maganin take yi ta riƙe shi a jikin fata. A dubi launin da ke gindin takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sa'an nan rawaya, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. A nemi lambar hukumar NAFDAC. A sani kuma hukumar ta hana maganin ciyawa mai sinadarin paraquat tun daga farkon 2024. Famfon kansa, a roƙi mai kanti ya zuba ruwa a gwada shi nan take, a ga ko murfi ko tiyo na yoyo.

MAI KANTI DA MAI SAYE

Manoma sun san bambancin 'yan kasuwa sarai. Akwai wanda zai ce, "Malam, wannan ya fi araha, amma ba zai kai ka kaka ba, ga wanda zai kai." Akwai kuma wanda komai aka ɗaga sai ya rantse ɗan waje ne. Na farkon yakan rasa ribar yini, amma shi ake kawo wa ɗan'uwa da maƙwabci baɗi. Masu saye su ma da nasu laifin, gama wani sai ya yi ta tayi har mai kaya ya gaji da cewa albarka, ya shiga ciki ya ɗauko masa maras kyau daidai kuɗinsa.

Kafin a biya, a yi magana a fili: in bai yi ba, za a canja? Cikin kwana nawa? A karɓi rasit, a bar takalmi da tsabtarsa har a tabbata ya yi daidai. In ta waya aka tura kuɗi, kada a goge saƙon.

Abin da ya fi duka shi ne a yi sayen nan da kaka, ko cikin rani, sa'ad da kuɗin gyaɗa da riɗi ke hannu, kasuwa kuma ba ta da cunkoson masu neman kayan ruwa. Mutum goma ko goma sha biyu na unguwa guda suna iya rubuta lambar ƙafarsu, bayan kowa ya gwada, su haɗa kuɗi su aiki amintacce guda ya saro musu dozin, kuɗin mota ɗaya. A ajiye kayan a inuwa, nesa da rana da ɓera. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya kawo damina mai albarka, amin.