Korona Ta Wuce, Jijiyoyin Jini Ba Su Manta Ba

A unguwar Gangare ta Jos, in ka ɗauko maganar korona a majalisa yau, da wuya a bari ka kai aya. Wani zai ce ciwon masu hawa jirgi ne, wani ya ce hanyar cin kuɗi ce, sannan a rufe ka da tambayar da aka saba: "Wa ka sani da ta kashe a unguwar nan?" Abin da mutane suka riƙe na shekarar 2020 shi ne kullen da ya hana su fita kasuwar Taminus neman na cefane, da rufe masallatai, da tsadar abinci. Wannan ƙorafi gaskiya ne, an sha wuya. Sai dai tambayar wa ta kashe ta danne wata da ta fi ta amfani a yanzu: mutum nawa ta shiga jikinsu ta fita, me kuma ta bari a ciki?

Lissafin hukuma ƙanƙane ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da kamuwar kimanin mutum 267,000 a duk Nijeriya, waɗanda suka rasu sun ɗan haura 3,000. Filato na cikin jihohin da suka fi yawan waɗanda aka tabbatar, har gwamnan jihar na lokacin, Simon Lalong, ya kamu a Disambar 2020, kuma ɗakin gwaji na cibiyar binciken dabbobi ta Vom ya yi aiki sosai a lokacin. Amma wanda aka gwada kaɗai ake ƙirgawa. Da aka ɗebi jinin jama'a a ƙarshen 2020 don neman alamar cewa cutar ta taɓa ratsa su, an same ta a jikin kashi 19 cikin ɗari na mutanen Nasarawa, maƙwabciyarmu. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu, galibi ba tare da sun sani ba. To ina ga unguwa irin Gangare, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, ga sanyin Jos da ke sa a rufe taga a cunkushe a ɗaki? Da yawanmu mun tuna wata mura da ta zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta ɗauke jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci. An sha citta da lemon tsami, an sayo maganin maleriya a kemis, an miƙe. Ba duka ba ne korona, amma kaso mai yawa ita ce.

Da farko an ɗauki korona ciwon huhu zalla. Amma tun a Afrilun 2020 likitoci a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka duba gawarwakin waɗanda ta kashe, suka tarar da kumburi a cikin jijiyoyin jini na ƙoda da hanji da zuciya, ba huhu kaɗai ba. Wata guda bayan haka wani binciken ya kwatanta huhun waɗanda korona ta kashe da na waɗanda murar infuluwenza ta kashe. Ƙananan gudajin jini da suka toshe siraran jijiyoyi sun ninka sau tara a na korona.

Kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa wadda ido ba ya gani, tana da wata siririyar shimfiɗa mai santsi a cikinta. Aikin wannan shimfiɗa ya wuce barin jini ya zarce. Ita ke fitar da sinadarin naitirik oksaid, wanda ke umartar jijiya ta saki jiki ta buɗe, ita ce kuma ke hana jini daskarewa a inda bai kamata ba. Ƙwayar korona tana shiga jiki ne ta wata ƙofa a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira ACE2. Ita wannan ƙofa dama tana da aikinta: tana karya wani sinadari mai matse jijiya da ɗaga hawan jini. In cutar ta kama ƙofar ta raunana ta, sai sinadarin ya taru, jijiya ta matse. A lokaci guda garkuwar jiki ta tashi yaƙi, kumburin da take haddasawa kuma ya ƙuje shimfiɗar nan, santsinta ya ragu, jini ya fara kamawa. Masana na muhawara har yanzu kan ko ƙwayar ce da kanta ta fi ɓarna ko fushin garkuwar jiki. Ɓarnar dai ba a musu a kanta.

Irin wannan ɓarna na iya tsufar da jijiya da wuri, tsufan jijiya kuwa abu ne da ake aunawa. Ka dubi tiyon ban ruwa: sabo yana lanƙwasa ya miƙe, wanda ya shekara a rana kuwa ya sandare. Lafiyayyar jijiya tana buɗewa da kowane bugun zuciya ta shanye ƙarfinsa. Wadda ta yi tauri ba ta shanyewa, sai bugun ya wuce da gudu ya dira a kan siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda, zuciya kuma ta riƙa turi da wahala. Likitoci na ɗora na'ura a wuya da gindin cinya su auna saurin da bugun ke yi tsakanin wuraren biyu. Iya saurinsa, iya tsufan jijiyar.

Da wannan awo Farfesa Rosa Maria Bruno ta wata jami'a a birnin Paris da abokan aikinta suka bi mutum 2,390 a ƙasashe 16, aka buga sakamakon a Agustan 2025. Wata shida bayan kamuwa, jijiyoyin waɗanda suka yi korona sun fi na waɗanda ba su yi ba tauri, har da waɗanda ba su kwanta asibiti ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a jikin mata bambancin ya fito fili. Matan da suka yi mai sauƙi, saurin bugunsu ya ƙaru da kimanin rabin mita a daƙiƙa, wanda masu binciken suka ƙiyasta da tsufan shekara biyar. Waɗanda suka kai ɗakin kulawa ta musamman, nasu ya haura mita guda. Akwai sassauci a cikin labarin: waɗanda suka yi allurar rigakafi jijiyoyinsu sun fi laushi, kuma da aka sake awo bayan shekara, taurin ya tsaya ko ya ɗan ragu. Ga mace mai shekara 60, ƙarin haɗarin ciwon zuciya da rabin mitar nan ke jawowa kusan kashi 3 cikin ɗari ne. Ba abin firgita ba ne ga mutum ɗaya. Ga gari guda kuwa, inda mutane da yawa suka kamu, lissafin ya zama babba.

Wani bincike na 2022 a kan tsofaffin sojojin Amurka sama da 150,000 ya nuna cewa cikin shekara guda bayan kamuwa, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kusan rabi. Galibinsu maza ne masu shekaru da suka kamu kafin zuwan rigakafi, don haka ba za a ɗauko adadin a ɗora wa Gangare kai tsaye ba. Amma ya nuna maza ma ba su tsira ba.

Damuwata ita ce korona ba ta tarar da jijiyoyinmu lafiya lau ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku na baligai a Nijeriya na da hawan jini, mafi yawa kuma ba su sani ba, ko sun sani sun ajiye magani da zarar kai ya daina ciwo. Ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano a kowace miya, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a yini ba, wato ƙaramin cokali guda. Ga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a Disamba da Janairu, hayaƙinsa na cin shimfiɗar jijiyar nan dai, sanyin kansa kuma na matse jijiya. Ga magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da 'yan dako da masu aikin ƙarfi ke sha kullum, suna ɗaga jini. Mace kuwa, da yawa ba a sake ɗaura mata na'urar awo a hannu tun awon cikinta na ƙarshe. In ta ce numfashinta na sama-sama in ta hau tudu, ko zuciyarta na bugawa da sauri tun bayan wata mura, sai a ce gajiya ce ko tunani. Ran da ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki, a ce iska ce ta buge ta.

Babu wani magani na musamman da ke mayar da jijiya yarinya, kuma duk mai tallan irinsa a lasifika kuɗinka yake so. Abin da ke aiki tsohon abu ne: awon hawan jini da na sukari, rage gishiri, barin taba, tafiyar ƙafa, da shan magani kullum ga wanda aka ɗora a kai. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 fiye da sau ɗaya, likita ya kamata ya gani, ba mai kemis ba. Masallatai da makarantun Islamiyya na matan aure za su iya sayen na'urar awo, a koya wa mutum biyu ko uku amfani da ita.  In kuma baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a nufi asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, nan take. A yi addu'ar a cikin mota, domin a sa'o'in farko ne likita ke iya ceton ɓangaren ƙwaƙwalwar da bai mutu ba.