Yadda Ƙanƙara Take Girma Cikin Hadari

'Yan'uwa manoma na Kankiya da Kusada, sau da yawa akan yi tambaya a taron ƙungiya: ƙasa mai zafi kamar tamu, daga ina ƙanƙara take faɗowa ta yayyaga shuka?

To, duk kilomita ɗaya da aka hau sama, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Babban hadarin damina kuwa, kansa yakan wuce kilomita 12. Sanyin can ya fi na kowane firji.

A makaranta an koya mana ruwa yana daskarewa a digiri 0, amma ba kullum ba ne. Tun 1724 wani masani mai suna Fahrenheit ya ba da labarin ruwan da ya wuce wannan sanyi bai daskare ba. Ɗigon ruwa mai tsabta yakan jure har kusan digiri 40 ƙasa da sifiri. Dalili kuwa, ƙanƙara kamar gero take, sai da iri. Irinta ƙwayar ƙura ce, ko wata ƙwayar cutar ganye da iska ta kwasa. Da ruwan ya sami iri, sai ya shiga jeruwa a kansa, kusurwa shida-shida.

Iska mai hawa sama ita ke riƙe da 'yar ƙanƙarar, ɗigo masu sanyi suna bugunta suna mannewa. In sun daskare nan take, iska takan maƙale ciki, wurin ya yi fari. In a hankali ne, ya fito garau. Shi ya sa in kun fasa babba za ku ga hawa-hawa kamar albasa. Ran da nauyinta ya fi ƙarfin iskar, sai gonarmu.

Ba mu iya tare hadari, amma ga shawara. In ƙanƙara ta bugi gero, dawa ko masara suna ƙanana, kada a yi gaggawar sake shuka. Zuciyarsu tana cikin ƙasa tukuna. A dakata mako guda, yawanci sukan toho. Auduga da wake tasu a waje take, in an karya su ƙasa da ganyen farko ba su tashi. Saboda haka kowace ƙungiya ta ajiye iri mai saurin nuna a rumbunta, domin wanda abin ya shafa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.