Hanyar Jirgin Ƙasa ta Kano zuwa Nguru: Tasowarta da Durƙushewarta

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bi tarihin hanyar jirgin da ta ratsa tsakiyar ƙasar da ake kira Jihar Jigawa tun daga 1991, mu ga abin da ya kafa ta, da abin da ya durƙusar da ita, da kuma darasin da ke ciki ga Dutse.

Dalilin shimfiɗa ta

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Da Turawa suka ga yawancin gyaɗar daga gabas take fitowa bisa jakuna da raƙuma, sai suka ja dogo daga Kano, ya kai Nguru a 1930, watau tafiyar mil 143. Ya bi ta Ringim da Taura cikin ƙasar Kano ta lokacin, ya ratsa Gagarawa a ƙasar Gumel, sa'an nan Malam Madori da Birniwa a ƙasar Haɗeja.

Abin lura a nan shi ne, ba a nufi manyan garuruwa da wannan hanya ba. Birnin Haɗeja da na Gumel duk an bar su a gefe, Dutse kuwa tana can kudu nesa da dogo. Inda sikeli yake, nan jirgi ya tsaya. Saboda haka Malam Madori ta zama tashar Haɗeja, kamfanoni suka kafa kantuna, baƙi daga kudu suka zauna, 'yan baranda suka yi arziki.

Dalilan durƙushewa

Muna ganin dalilai uku ne. Na farko, hanyar da aka ja daga Kuru ta bi Bauci da Gwambe ta kai Maiduguri a 1964, ta janye kayan Barno da a da sai an kawo Nguru. Na biyu, farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, suka karya noman da aka yi hanyar dominsa; a 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki. Na uku, kuɗin man fetur ya tafi ga titunan mota, manyan motoci suka kwashe lodi, Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta rasa abin gyara. Ko gwanayen da aka ɗauko daga Indiya a 1979 ba su iya tsai da lalacewar ba. Tun daga nan jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, wani lokaci ya ɗauke ɗungum, tashoshi da dama suka zama kufai.

Kammalawa

A 2021 aka aza harsashin sabuwar hanya daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. Faɗin dogonta ya fi na tsohuwar, wadda take ƙafa 3 da inci 6, don haka taragon wannan ba zai hau waccan ba. Tambayar da muke ajiyewa gaban mahalarta ita ce: me jirgin Dutse zai ɗauka? Hanyar Nguru kaya guda ta dogara a kai, da ya ƙare sai ta bi shi. In ba a tanadi riɗi da zoɓo da shinkafa da dabbobi da fasinja tun da wuri ba, abin da ya ci Malam Madori ba zai bar Dutse ba.