Tsoron Cire Haƙori Da Allurar Kwantar Da Hankali: A Sani Kafin A Miƙa Hannu

Akwai mutane da yawa, har da magidanta masu ji da kansu, da za su gwammace su yi mako guda riƙe da kunci da su taka ƙofar asibitin haƙori. Yau a cusa kanumfari a kogon haƙorin, gobe a kuskure baki da ruwan gishiri, jibi a aiki yaro kemis ya sayo maganin kashe zafi. Wasu har ruwan batir ko fetur suke ɗigawa, wanda ba abin da yake yi sai ƙona dasashi. Dalilin duk wannan kewaye-kewayen ɗaya ne, ko ba a faɗa ba: tsoro. Wani allura yake gudu, wani ƙarar injin, wani da an sa masa ƙarfe a baki sai amai ya taso masa. Wani kuma tun yana yaro aka danne shi aka fizge masa haƙori da awartaki, har ya girma abin bai bar ransa ba.

Wannan tsoro ba ragwanci ba ne, kuma likitoci sun san da shi. Suna ma da hanyoyin magance shi. Ɗaya daga ciki ita ce allurar kwantar da hankali da ake yi ta jijiyar hannu. Hanya ce mai amfani ƙwarai, amma tana da sharuɗɗan da in aka yi wasa da su, rai ake sa wa a haɗari.

Jinkirin ya fi kujerar likita haɗari

Man da ke cikin kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da ruɓewa. Idan haƙorin da ya hana mutum barci ya yi shiru da kansa, sau da yawa ba warkewa ya yi ba, jijiyarsa ce ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta su gangara saiwa, mugunya ta taru. In turmin ƙasa ne, kumburin yana iya bi ta ƙarƙashin harshe ya sauka wuya, ya ɗaga harshen sama har ya toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma har yau yana kashe mutane, musamman masu ciwon suga. Duk wanda kumburin haƙori ya kai masa haɓa, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu na gagararsa ko baki ya ƙi buɗuwa, asibiti zai nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.

Maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙorin sama yana makantar da ido kuwa ba ta da tushe. Abin da yake iya taɓa ido shi ne mugunyar da aka bari ta yi ta hawa.

Ba kowace allura ce ta barci ba

Likitocin haƙori suna cikin waɗanda suka fara yaƙi da zafin tiyata. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi iskar da ake wa laƙabi da iskar dariya, aka cire masa haƙori bai ji zafi ba. A watan Oktoban 1846 wani likitan haƙorin, William Morton, ya sumar da majiyyaci a wani asibiti a birnin Boston, aka yi masa tiyata a gaban likitoci.

Yau abin ya kasu uku, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko, allurar kashe zafi a dasashi, wadda aka fi yi da lidocaine, maganin da aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943. Mutum yana farke sarai, wurin ne kawai yake mutuwa. Na biyu, allurar kwantar da hankali ta jijiya: mutum yana cikin magagi, yana numfashi da kansa, in an ce ya buɗe baki zai buɗe. Na uku, cikakkiyar allurar barci ta ɗakin tiyata, inda mutum bai san inda kansa yake ba, ana kuma taimaka masa da numfashi.

Ta biyun tsoro take kashewa, ba zafi ba. Saboda haka dole ne a ƙara da allurar dasashi, sai dai lokacin da za a yi ta mutum ya riga ya saki jiki.

Yadda ake yin ta

Ana fara ganin majiyyaci a wata rana daban, a auna hawan jininsa da nauyinsa, a ji tarihin lafiyarsa, ya sa hannu a takardar amincewa yana cikin hayyacinsa. Ranar aiki, a kwantar da shi a kujera, a maƙala masa wata ƴar na'ura a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini da bugun zuciya. Ga mai lafiya lambar iskar takan tsaya tsakanin 95 da 100. Sai a ɗaure hannu, a nemo jijiya a bayan tafi ko a lanƙwasar gwiwar hannu, a sa kanula irin wadda ake ƙarin ruwa da ita.

Maganin da aka fi amfani da shi sunansa midazolam, ɗan uwan Valium ne amma ya fi shi saurin aiki da saurin sakin jiki. Ba a ɗura shi gaba ɗaya. Likita zai tura kaɗan, ya dakata, yana jan majiyyaci da hira yana duban idonsa. Cikin ƴan mintoci kafaɗun da suka ƙage su sauka, hannun da ya damƙe kujera ya saki, magana ta fara yin nauyi, fatar ido ta rufe rabi. Nan likita zai tsaya, domin iyakar da ake nema ke nan. Galibin mutane ba sa tuna yawancin abin da ya faru bayan nan. Wani ma zai tashi yana tambayar yaushe za a fara, alhali haƙorin yana kan faranti.

Inda haɗarin yake

Duk maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa yana iya rage numfashi. Tazarar da ke tsakanin magagi da suma ba ta da yawa, kuma ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Mawaƙin nan na Amurka, Michael Jackson, ya mutu a watan Yunin 2009 bayan likitansa ya yi masa allurar propofol tare da wasu magungunan kwantar da hankali a ɗakin kwanansa, ba tare da kayan sa ido da suka dace ba. A 2011 kotu ta sami likitan da laifi. A Birtaniya kuma, bayan an yi ta rasa rayuka, ciki har da yara, daga 2002 an hana yin cikakkiyar allurar barci a ɗakunan likitocin haƙori da ke wajen asibiti.

Don haka kafin mutum ya miƙa hannu, yana da haƙƙin tambaya. Wa zai yi allurar, kuma ya sami horo a kanta? Akwai mutum na biyu da aikinsa shi ne lura da numfashi? Akwai tukunyar iskar oksijin a ɗakin? Akwai flumazenil, maganin da ke karya ƙarfin midazolam in abu ya ɓaci? Wurin da aka ji haushin waɗannan tambayoyi, a tashi a ba su wuri. Kada kuma a yarda wani ya zo gida ko bayan kemis ya ce zai yi wa mutum allurar barci ya cire masa haƙori a farashi mai sauƙi. Garin neman gira ake rasa ido.

Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, suna da sashen haƙori da muƙamuƙi, suna kuma da likitocin allurar barci. Can ya fi dacewa a fara tambaya. A sani kuma kuɗin ya fi na cire haƙori na yau da kullum.

Abin da ba a ɓoye wa likita

Mai sikila ya faɗa, domin raguwar iska a jini tana iya tayar masa da ciwo. Haka mai asma, mai ciwon zuciya, hanta ko ƙoda, mai hawan jini da mai suga. Mai ƙiba da mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci suna cikin waɗanda aka fi jin tsoro a kansu. Mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, da mai shayarwa, su ma su faɗa.

Wanda aka fi ɓoyewa shi ne shaye-shaye. Mai shan tiramol, kodin, roci, Valium ko giya, kunya ba ta da wuri a nan. Waɗannan abubuwa in sun haɗu da allurar suna iya tsayar da numfashi, ko kuma jikin da ya saba da su ya ƙi karɓar maganin. Likita ba ɗan sanda ba ne. Yana tambaya ne don ya san abin da zai tura a jijiya. A ambaci maganin gargajiya da na tsinka jini ma.

Kafin aiki da bayansa

A bi umarnin likita kan abinci. Da yawa sukan ce a daina ci awa 6 kafin lokaci, ruwa kuma awa 2. Mata su goge jan farce su cire farcen kanti. Baƙin lalle ma yana iya rikita na'urar yatsa. Dole a zo da babban mutum mai hankali da zai mayar da majiyyaci gida ya zauna da shi, kuma a mota, ba a bayan babur ba.

Akan huta kamar awa guda kafin sallama. Mutum zai ji kamar ya warware, alhali maganin bai gama barinsa ba. Tsawon awa 24 babu tuƙi, babu girki, babu aiki da inji, ba a bar wa uwa jariri ita kaɗai. Kada a ƙulla ciniki, kada a tura kuɗi ta waya.

Shi kuma gurbin haƙorin, a cije audugar da aka sa na kusan rabin awa. Ranar farko ba a kuskure baki, ba a tsotsar wurin, ba a shan koko mai zafi. Sigari da shisha a jingine su na kwanaki. Gudan jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfinsa; in ya fita, ƙashi ya bayyana, bayan kwana biyu zuwa huɗu zafi mai tsanani ya taso. Washegari sai a fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Ba kowa ke buƙatarta ba

Yawancin masu tsoro allurar dasashi ta ishe su, muddin sun sami likita mai haƙuri. A gaya masa tun a bakin ƙofa cewa ana jin tsoro. A yi alkawari da shi cewa in an ɗaga hannu zai dakata. A nemi a shafa maganin kashe zafi a dasashi kafin allura. Ƙananan yara kuwa ba kasafai ake yi musu ta jijiya ba, iskar dariya da ake shaƙa ta fi dacewa da su inda ake da ita. Iyaye kuma su daina razana yaro da cewa za a kai shi a yi masa allura, domin daga nan tsoron yake farawa.

Wanda yake da ramin da ruwan sanyi ke shiga ya ji tsam, ya je a duba shi cikin makon nan. A wannan matakin cikewa kawai ake yi, ba a kai ga maganar cirewa ba, balle ta allurar jijiya.