Kafin Ku Rataye Talabijin Bisa Murhu: Kira Ga Ƴan Kasuwar Maradi Da Tsibiri

Duk shekara idan hunturu ya kankama, abu biyu ke haɗa jama'a wuri guda a Maradi da Tsibirin Gobir har zuwa Jiratawa, wato wuta da kallo. A ƴan shekarun nan ƙarshen watan Disamba ake yin kokowar takobi, wadda aka soma a Tawa tun 1975, kuma gasar ƙwallon Afirka ma ta sha faɗowa cikin sanyi, kamar wadda aka buga a Kodibuwa daga Janairu zuwa Fabrairun 2024. Mai shayi ya san wannan, mai tsire ya sani, Hajiya mai tuwo ma ta sani: inda akwai ɗumi da allon kallo, nan masu saye ke zama, kuma wanda ya zauna sai ya ƙara kofi ko ya ƙara malmala.

Wannan ne ya sa a rumfuna da dama muke ganin an rataye talabijin daidai bisa murhu. Dalilin masu yin haka ba ɓoyayye ba ne. Sau da yawa bangon nan shi kaɗai ne bango mai ƙwari a rumfar, can ne kowa ke fuskanta, kuma can sama hannun yara ba ya kai. To amma fa akwai abin dubawa, domin kuwa kayan da aka saya da kuɗin adashi na watanni bai kamata a miƙa wa hayaƙi su cikin damina guda ba.

Daga ina al'adar ta zo?

Talabijin ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara koyar da ƴan makaranta da shi, sannan a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, gidan Télé Sahel ya soma watsa shirye-shirye ga kowa da kowa. Akwatunan wancan lokaci masu ƙaton ƙeya ne, mai inci 21 yakan haura kilo 20, don haka bisa tebur ake girke su a rufe da ƙyalle. Babu mai tunanin maƙala su ga bango.

Da shafaffen talabijin ya shigo, wanda har yau muke kira plasma duk da cewa manyan kamfanoni sun daina ƙera plasma ta ainihi tun wajen 2014, sai lissafi ya sake. Mai inci 32 bai cika wuce kilo 5 ba, mai inci 43 kuma tsakanin kilo 7 ne zuwa 9. Abin da yaro zai iya ɗauka, ai ƙusa ma za ta riƙe shi, in ji mu.

Shi kuwa ratayewa bisa wuta, a Turai da Amurka ya samo asali. Can suna gina murhun ɗumama ɗaki cikin bangon falo, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi, kujeru duka suna kallonsa, sai suka riƙa ɗora talabijin a samansa. Muna gani a finafinai da hotunan waya, yana ba mu sha'awa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne hayaƙinsu ta bututu yake fita, akwai kuma kanta tsakanin wutar da allon wadda ke kare zafi, kuma duk da haka masana can ɗin ma suna gargaɗi a kai. Mu kuwa murhunmu a buɗe yake, duk abin da ya tashi daga tukunya bango yake bi.

Zafi da maiƙo

Idan aka buɗe ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, mafi yawan kamfanoni sun rubuta cewa talabijin na aiki lafiya ne muddin zafin wurin bai wuce digiri 40 ba. To mu da muke Maradi mun san cewa a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kaɗai kan haura hakan, ko a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano. Ke nan tun ba a hura wuta ba akwatin yana bakin iyakarsa. Sannan zafin wuta sama yake yi, ya bi jikin bango ya shige ta ramukan da aka yi wa talabijin don ya sha iska.

A cikin akwatin akwai wasu ƙananan gwangwanaye masu ajiye wuta, waɗanda masu gyara ke kira kondansater. Ƙa'idar da masana lantarki suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. Haka ƙananan fitilun da ke haska allo daga baya, zafi ne babban abokin gabarsu. Shi ya sa za a ga talabijin yana magana amma babu hoto, ko rabin allo ya yi duhu. Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba, a hankali yake ci, har mai shi ya ɗora laifin ga wanda ya sayar masa.

Hayaƙi ya fi zafin ma illa. Hayaƙin itace yana ɗauke da kunkunniya, turirin man suya kuma yana ɗauke da maiƙo. Hajiya, dubi rufin madafarki ki ga yadda ya yi baƙi yana danƙo. Irin wannan ne ke shiga cikin akwatin. Idan ƙurar hunturu ta zo ta tarar da maiƙo sai ta manne, ta zama kamar bargo bisa kayan ciki, ta toshe ramukan iska. Damina na zuwa dattin ya sha danshi, wuta ta riƙa bin inda ba hanyarta ba.

Wannan magana ba ta masu rumfa kaɗai ba ce. Iyayenmu da ƙannenmu mata da dama suna aje kaskon turaren wuta ƙarƙashin talabijin, saboda nan ne gaban ɗaki. Turaren wuta da mai ake haɗa shi, hayaƙinsa mai nauyi ne, kuma aikin da yake yi wa allo ɗaya ne da na kaskon ƙosai. A kai kaskon wata kusurwa, ƙamshi zai game ɗaki duk da haka.

Gwaji biyu da ba su cin ko dala

Kafin a kira mai huda bango, a hura wuta irin ta ranar da ciniki ya fi yawa, a bar ta ta yi awa guda tana ci. Sai a dafa tafin hannu daidai inda ake son rataye akwatin. Jikin mutum digiri 37 ne, saboda haka idan aka ji bangon ya fi hannu zafi, to wurin bai dace ba.

Na biyu, a manna farar takarda a wurin, a bar ta kwana uku ana aiki kamar kullum. Idan aka ciro ta ta yi ja-ja ko tana maiƙo, to abin da talabijin zai riƙa shaƙa ke nan kowace rana. Mafita ita ce a kai shi bangon gefe ko wanda ke kallon murhun, a ɓangaren da iska ba ta kora hayaƙi. A tuna cewa iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, ta damina kuma daga yamma maso kudu, don haka wurin da ya tsira a Janairu yana iya zama hanyar hayaƙi a Agusta. A kuma bar masa fili kamar faɗin tafin hannu, wajen santimita 10, ta sama da ƙasa da gefe, kada a cusa shi cikin akwatin katako ko na ƙarfe marar ramuka don tsoron ɓarayi.

Wane irin bango ne?

A tsoffin unguwannin Maradi irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci, da cikin garin Tsibiri, gine-gine da yawa na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Daga waje sai ka rantse bulo ne. Ƙusa ko noti da aka kafa a irin wannan bango shafen kawai ya kama, kuma ranar da ruwan indararo ya jiƙa ƙasar ciki, shafen zai ɓallo da talabijin gaba ɗaya. Abin tsoro a nan shi ne wanda ke ƙasa, domin a gida yara ne ke zama dab da allo, a rumfa kuma tukunyar mai ce ke tafasa.

Ga bangon ƙasa hanya biyu ce. Ko dai a huda shi har waje, a zura dogayen ƙarafa masu noti, a sa katako mai kauri ciki da waje ya matse bangon, ana kuma duba katakon saboda gara. Ko kuma, wanda ya fi, a je wurin mai walda ya yi sandar ƙarfe, a kafa ta cikin ƙasa da kankare, a ɗaura talabijin a jikinta. Wannan ita ce kuma dabarar masu rumfar kwano ko ta zana, da ƴan haya da mai gida ya hana su huda bango.

Bangon bulo ma ba a sake jiki da shi, saboda yawancin bulo cikinsa rami ne. Sai an sa irin robar da ke buɗewa ta kama bayan ramin, kuma kusoshi huɗu ake sa wa, ba biyu ba. Maƙalin nan mai hannu, wanda ake jawowa a juya, yana ninka jan da ake yi wa bango idan aka miƙe shi, don haka bango mai ƙarfi sosai kaɗai ya dace da shi. A bayan kowane talabijin akwai ramuka huɗu na ɗaura maƙali, a auna tazararsu kafin a saya, kuma kada a yarda a ɗaura noti mai tsawo fiye da kima, yana iya huda kayan ciki.

Idan an gama kafa maƙalin, ga awon da kowane ɗan kasuwa zai gane. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. A zuba tiya 7 a buhu, a rataya ga maƙalin ya kwana. Idan da safe babu tsaga, babu garin ƙasa a gindin bango, to zai riƙe mai inci 43 ba fargaba. Idan ya saki, hatsi ne ya faɗi, sai a kwashe.

Wuya ma tana da haƙƙi

Bisa murhu dole a kai talabijin can sama, kusan mita 2. Mu kuwa da yawanmu bisa tabarma ko darduma muke kallo. Wanda ya ɗaga kai ya kalli Labarina ko Daɗin Kowa na awa guda a haka, wuyansa zai ba shi labari da safe. A gida, tsakiyar allo ya dace ya zo daidai idon wanda ke zaune. A rumfa ana iya ɗaga shi ya ɗan wuce kawunan mutane, a sunkuyar da shi kaɗan. Tazara kuma, mai inci 32 a zauna mita 1 da rabi zuwa 2, mai inci 43 kuma mita 2 zuwa 2 da rabi.

Waya, gas da gawayi

Nan ne maganar ta wuce asarar mutum ɗaya. Talabijin bisa murhu yana nufin waya bisa murhu. Robar waya tana bushewa da zafi, ta tsage, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A kasuwa kuwa rumfa jikin rumfa take, ga leda, ga atamfa, ga mai. Maƙwabtanmu na Katsina sun ga gobarar babbar kasuwarsu a watan Maris na 2021, Sabon Garin Kano ma ta ƙone a Maris na 2016. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tun da matatar man Zinder ta fara aiki a 2011, mata da yawa sun koma girki da gas. Gas ya fi iska nauyi, idan yana yoyo ƙasa yake kwantawa. Saboda haka kada a yar da wayar ƙari mai ramuka da yawa a ƙasa kusa da kwalbar, tartsatsi ɗaya ya isa. A ɗaga priz sama, nesa da wuta da ruwan wanke-wanke, kuma mai aikin lantarki na gaske ya ja wayar.

Maradi tana samun wuta daga Nijeriya ta layin Katsina, kuma lokacin da aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 mutane da dama sun koma ga janareto da sola. Kowace iri ake amfani da ita, regilater yana kare akwatin daga hawa da saukar wuta, kuma batirin sola shi ma ba ya son kusantar murhu. Idan za a rufe shago a zare komai, haka in hadari ya taso da tsawa a zare har wayar eriya. Idan kuwa wuta ta tashi, a fara kashe mita, kada a watsa ruwa ga waya ko ga mai, a zuba rairayi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya shafi rai. Cikin sanyi ana shigar da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a zauna kallo har barci ya kwashe mutane. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, kuma tana kashe mai barci bai farka ba. A bar kafar iska a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Alhazai da Hajiyoyi, ba cewa muke a cire talabijin daga rumfa ba, domin yana jawo ciniki kuma mun sani. Cewa muke a raba shi da wuta. Kuɗin ƙarin waya mita uku da aikin mai walda ba su kai kuɗin canza allo ba, wanda sau da yawa yakan kusan kai na sabo, kuma kayan da aka ɗauko daga Jibiya ko Kano ba kasafai suke zuwa da takardar garanti ba. Wanda ya riga ya rataye nasa, ya gwada tafin hannu da farar takarda cikin makon nan, tun kafin a buga gangar kokowa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu daga gobara, amin.